Karkanda a Bayan Faifai

Mati mutumin garin Babban Mutum ne. Noma ya gada, amma Allah bai haɗa jininsa da fartanya ba. Tun yana saurayi ya gudo Daura, ya yi ta gyaran rediyo har ya mallaki talabijin da bidiyo da ɗan janareta mai tari, ya kafa rumfar kallo a bayan tasha. Da rumfar nan ya auri Larai, da ita yake ciyar da 'ya'yansu.

Da shari'a ta zo, aka shiga rufe gidajen kallo. Mati ya kwashe finafinan rawa da waƙa ya cusa a buhu. Abin da ya rage masa tsohon fim ɗaya ne na Turawa, inda wasu ƙarti ke bin namun daji da mota, su zarga musu igiya, su kai su gidan zu. Mati ba ya jin Turanci ko na gaisuwa, amma shi ke fassara wa 'yan kallo, kuma wallahi labarinsa ya fi na masu fim ɗin daɗi.

Cikas ɗaya ne. Akwai wata Baturiya da babban maharbin ke so, su kuwa ba su san kunya ba. Mati ya haddace duk inda suke rungumar juna. Da an zo wurin sai ya ɗauki babban faifan Larai ya rufe fuskar talabijin, ya ce, "Nan shawara ake yi."

Ran nan dattawan unguwa suka aiko cewa za su zo su gani da idonsu, in abin bai yi musu ba a rushe rumfar. Jagoransu Malam Audi ne, dattijon da ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Tsoro ya kama Mati ƙwarai, ko furar da Larai ta dama masa bai iya sha ba.

Bayan azahar suka zo suka zauna a benci, fuska a murtuke. Aka kama raƙumin dawa, ba wanda ya motsa. Aka kama jakin dawa, wani ya yi gyaran murya. Da karkanda ya fito ya tunkuyi motar har ta kusa kifewa, sai ga Malam Audi ya miƙe tsaye.

"Kai, jefa masa igiyar mana! Wannan wane irin sakarai ne?"

Daidai nan Baturiyar ta leƙo. Mati ya yi wuf ya rufe da faifai. Da ma ɗan lokaci kaɗan yake yi ya cire, amma yau hannunsa ya ƙi. Yana ta rayawa a ransa, in na ɗaga aka ga ko gefen kafaɗarta ne fa? Ya ci gaba da riƙewa, ana jin ƙugin mota da ihu a bayan faifan. Ko da ya yi ta maza ya ɗaga, ƙartin na zaune suna shan shayi.

"Ina karkandan?" in ji Malam Audi.

"Allah gafarta Malam, ai an wuce wurin."

"An kama shi ko ya tsere?"

Kafin Mati ya buɗe baki aka kira la'asar. Ya kashe janareta nan take, kamar yadda ya saba. Suka fita, shi kuwa ya bi su a baya, ya tabbata ya kashe kansa da hannunsa.

Da aka sallame, Malam Audi ya yafito shi a ƙofar masallaci.

"Mati, wannan bincike bai kammala ba. Mutum ba ya yanke hukunci a kan abin da bai ga ƙarshensa ba. Gobe zan dawo."

Ya dawo kuwa, ya ga an kama karkandan, ya ce akwai sauran giwa. Aka yi ta bincike har damina ta wuce. Ranar da Mati ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi matsayin rumfar, dattijon ya harare shi, ya ce ya ƙaro benci, jikokinsa ba sa samun wurin zama.