Sodangi da Kulocin Motar Gado

Sodangi ɗan ƙanena Tukur ne, Allah ya jiƙan Tukur. A gabana anka yanke masa cibiya nan Ƙofar Marke, don haka ba mai ba ni labarin halinsa. Tun yana tatata ban taɓa jin ya ce bai sani ba. An kai shi koyon ɗinki Tudun Wada, wata bai kama ba ya fara gyara wa mai shagon riƙon almakashi, anka koro shi. An haɗa shi da masu sarin shinkafa, ya je ƙauye yana koya wa manoma shuka. Daga baya ya ɗan taɓa yaron mota, to tun daga nan ba ƙarfen da ya isa ya ɓoye masa sirri.

Da Tukur ya rasu sai ya bar masa farar bas, tsohuwa amma mai mutunci, don Tukur ko tari ta yi sai ya kai ta gareji. Shi kuwa magajin cewa ya yi makanikai duk 'yan kame-kame ne. Ƙofa ta lalace ya ɗaure da waya. Madubi ya faɗi ya liƙa na matarsa Zakiyya. 'Yan kasuwar da ke ba Tukur dakon kaya sunka janye ɗaya bayan ɗaya, har ya zama shi da Zakiyya da 'ya'yansu ba abin da ya tsaya tsakaninsu da yunwa sai ƙuliƙulina.

Ni na samo masa aikin ƙarshe. Malama Dorcas tana da 'yar makaranta a Gawon Nama, kuma ta daɗe tana sayen man gyaɗa wurina. Na roƙe ta ta ba shi jigilar yara safe da rana. Ta ba shi don girmana. Da ya makara har ta gaji, sai ta zo da kanta ta gaya mini a tsakar gida cewa iyayen yara sun fara magana, in anka sake ko sau ɗaya za ta nemi wani. Ban ga laifinta ba.

Ashe duk makarar nan kuloci ne. In ya taka sai abin takawar ya lafe ƙasa ya ƙi dawowa, giya ta riƙa gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Akwai wani ɗan kofi a gaba da ake zuba wa man birki, shi ne kullum yake tsiyayewa. Da farko Sodangi ya riƙa cika shi da ruwan omo, wai haka manyan direbobi ke yi. Da ya ga ruwan ba ya zama sai ya yi nazari irin nasa, ya ce abu mai kauri ake so. Ni kuwa ina ta zagin ɓeraye da 'ya'yan maƙwabta, kwalbar man gyaɗata na raguwa.

Ran wata Asabar motar ta ƙi shiga giya sam. Na aika anka kira Godwin makanike ba da son ran Sodangi ba. Godwin ya buɗe kofin nan, ya tsoma yatsa ya shinshina, ya dube ni ya dubi Sodangi, ya tambaya ko ƙosai ake toyawa a ciki.

“Mai duk mai na,” in ji Sodangi. “Wanga ma ya hi na kanti tsabta, Gwaggo ta matse shi da hannunta.”

Na ce da na san inda man zai ƙare da na matse wuyan wanda ya ɗiba.

Godwin ya kwance abubuwan ya shimfiɗa kan buhu, ya nuna mana. In an taka, wani bututu na sama ke tura mai ta siririn tiyo zuwa wani bututu na ƙasa, shi kuma ya ture kulocin ya saki. Kowanne da 'yar robarsa da ke tare man. Ta ƙasa ce ta fara cinyewa, mai ya riƙa zuba, iska na shiga. Abin da roba ɗaya sabuwa za ta gyara tun farko. Yanzu ruwan omo ya sa tsatsa, man gyaɗa ya daskare a tiyo kamar ƙaro, robobin duka biyu sun kumbura sun yi laushi. Ya ce sai an wanke tiyo an canza su duka.

Ta ƙasa Sodangi ya yarda, don ta yage kowa na gani. Ta sama ya damƙe a hannu. Wai wannan tun zamanin ubansa take, daga kamfani ta zo, robobin yanzu duk jabu ne. Kumburi dai jiƙa ce, in ta sha rana za ta koma. Ya wanke ta ya aza bisa kwano kusa da barkonon da na shanya. Godwin ya ɗaga kafaɗa ya ce mota dai ta Sodangi ce. Shi ma ban yafe masa ba, mutum ya ga rami ya ce wa makaho hanyarka ce.

Da la'asar anka mayar da komai, anka zuba man birki na gaske, saura fitar da iska. Wannan aikin mutum biyu ne, ɗaya na takawa ɗaya na ƙarƙashi yana sassauta wani ɗan noti. Sodangi ya ce takawa aikin wanda bai san mota ba ne, shi ƙarƙashi zai shiga ya duba hannun Godwin. Haka na tattare zane, da tsufana, na hau kujerar direba.

“Taka, Mama. Ƙara. To riƙe nan, kar ki saki,” in ji Godwin daga ƙarƙashi.

Na riƙe. Sai in ji fis, ƙafata ta nutse, ya ɗaure notin ya ce in saki. Muna ta yi, kumfa na fita, Sodangi na kwance cikin ƙasa yana ce wa Godwin ya juya sifana hagu alhali hagun yake juyawa. A hankali abin ya yi tauri ƙarƙashin ƙafata. Motar ta shiga giya sumul, Sodangi ya zagaya unguwa yana hon, yana nuna wa mutane robar ubansa ta yi aiki.

Ta kai Litinin. Ya ɗebo yara kaf, ya kusa makaranta, robar ta saki. Ya taka, abin ya lafe, motar ta mutu tsakiyar hanya. Mai hankali sai ya tare Keke Napep ya ɗora yaran mutane. Shi kuwa ya sa ta a giya ya murza makulli tana zabura, kawunan yara na gwaruwa, har batir ya ƙare. Sai ya sauke su ya jera su a baya, manya da ƙanana, da fararen riguna da jakunkuna a goye, ya ce su tura. Yana ciki riƙe da sitiyari yana ba su umarni ta taga. A haka sunka shigo ƙofar makaranta, an riga an yi taron safe, Malama Dorcas na tsaye tare da wasu iyaye.

Da yamma ya zo ya durƙusa wai in je in ba ta haƙuri, in gaya mata man birkin da Godwin ya sayo ne jabu. Na ce masa bakin da na roƙa da shi na farko bai warke ba tukuna. Ran Laraba na kai mata man gyaɗarta da kaina. Ta tarbe ni da fara'a, ta tambayi ƙafata, ba ta ambaci sunansa ba, ni ma ban ambata ba. Wata shuɗiyar bas na tsaye bakin ƙofa tana jiran a tashi yara.

Motar Tukur tana nan ƙofar gida bisa duwatsu. Zakiyya na shanya kuɓewa a rufinta, kaji na ƙwai ƙarƙashin kujerar baya. Sodangi kuwa kullum yana bakin titi, duk direban da ya tsaya ya buɗe gaban mota sai ya taso ya leƙa.