Malama Yakaka da Katunan Gidan Tarihin da Ya Ƙone

Duk safiyar damina, kafin ta ɗora tukunya, sai Malama Yakaka ta taka zuwa bakin jinga ta ga inda kogin Haɗeja ya kwana. In ta dawo ta buɗe adakarta, ta shinshina ko danshi ya shiga, ta duba ko gara ta yi hanya. Babu zani ko ɗaya a ciki. Katuna ne da hotuna na wani ƙaramin gidan tarihi a ƙasar Borno, inda ta yi aikin rubuta bayanin kowane kaya: wa ya saƙa, wa ya sassaƙa, daga wane gida ya fito.

Ranar da 'yan bindiga suka shiga garin da gidan tarihin yake, kowa na gudu da 'ya'yansa, ita sai ta koma ofis. Ta juye katunan da hotunan a buhun gero, ta ɗora a ka. Ba su yi nisa ba suka hango hayaƙi ya turnuƙe ginin. Riguna masu ɗinkin aska, sirada, ƙoren da aka yi wa zane, wasu wuta ta cinye, wasu aka kwashe. A hanya kuwa cikin tsoro take, don in aka tare su aka ga takarda mai tambarin gwamnati, shi ke nan.

A Haɗeja ta sami mafaka, gidan ƙanin mijinta, amma hankalinta bai kwanta ba. Misbahu, mai kwalekwale ɗan Guri da ya kwashe mutanen unguwar su Malama shekarar da ruwa ya ci gidaje, ya ba ni labari: "Na ce, 'Iya, jirgi ya cika, ko ke ko adakar.' Ta ce, 'Ɗauki adakar, ɗana, ni ina da ƙafa.' Ruwa har ƙirjinta, ta riƙe gefen jirgi, idonta na kan murfin har muka kai tudu."

Bara wata mai ɗinkin hannu, Sakinatu, ita ma 'yar gudun hijira, ta zo neman labarin rigar da kakanta ya ɗinka. Da ta ga hoton rigar da sunansa a kati, sai ta zauna a ƙasa tana kuka. Yanzu zanen nan take ɗorawa a kan sabuwar riga.

Ke ce uwar amana, Malama. Ke kika hana wuta cinye sunayen mutane bayan ta cinye aikin hannunsu.

Malama Yakaka ta yi ritaya, ido ya fara rauni, gidan tarihin kuma har yau kango ne. "Tsorona ɗaya," in ji ta, "in na mutu, wani ya ɗauka takardun ƙunsa ƙosai ne."

Mun gode, Iya, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma matasa masu ilimi da wayoyin ɗaukar hoto, ku riƙe amana kamar yadda ta riƙe. Ku je ku zauna gabanta tun tana iya karanta rubutun hannunta.