Goyon Ɗan Dambe

A Wara na girma, a gidan da ƙamshin bandar kifi ba ya barinsa. Da an idar da sallar magariba, Kaka Delu, mahaifiyar babanmu, za ta zauna gaban wutar banda tana juya kifi, mu kuma mu kewaye ta. Tana da nata salon buɗe labari: "Ku matso, ga wata ta hito daga ruwa, kada ta huce."

Babanmu ɗan dambe ne da ake shakka har Shanga. Shekarar da Innarmu ta rasu, ta bar ƙanwata Rakiya tana rarrafe. Kaka ƙugunta ya gaji, ba ta iya goyo. Sai Baba ya ɗauki zanen Inna ya goya Rakiya, ya riƙa zuwa gyaran tarun kamun kifi da ita a bayansa, yana ba ta kunu da ludayi. Gari kuwa ya samu abin taunawa. Magana ta kai har Birnin Yauri, ƙanwarsa Gwaggo Hajo ta taho musamman don ta tafi da yarinyar, wai namiji ba ya raino.

Ranar da ta iso na je gidan kallo. An saka fim ɗin wani ƙaton akta da muka saba ganin yana karya ƙasusuwan mugaye. Na gyara zama ina jiran duka, sai ga shi an haɗa shi da yara, yana dama madara, jariri na tsula masa fitsari. Wani ya ɗaga murya daga baya: "Sani, ga babanka nan!" Ɗakin ya kece da dariya. Na fita ko rabin fim ban gani ba, takaici kamar ya kashe ni.

Da na koma gida, Kaka ta kalli fuskata sau ɗaya, ta kalli Gwaggo da ke zaune kan tabarma, ta soma. Wai an yi wani maharbi da ya kashe kadan da ya hana gari ɗiban ruwa. Yana komowa ya tsinci jaririya a cikin ciyawar bakin gulbi, kowa ya ƙi ɗauka, shi ya goya. Mutanen da suka yi masa kirari jiya suka koma yi masa dariya. Da wani kada ya ɓulla suka rugo wurinsa da ihu, ya ce su rage murya, ɗiyarsa na barci. Yarinya ta girma, ko cikin taron kasuwa takan gane shi ta baya.

Na ce, "Kaka, to ina faɗan?"

"Wane faɗa kaka so, ɗan nema? Kada rana guda anka kashe shi. Ɗiya kau kullum sai ta tashi da yunwa."

Gwaggo ta taɓe baki. "Inna, wagga tatsuniya ta. Mu dai an gama zagin gidanmu. Ɗan dambe da zane a ƙirji, mi za a ce?"

Baba yana zaune nesa kaɗan, Rakiya na barci a bayansa. Washegari kawunnai suka goyi bayan Gwaggo. Ina kallo ya kwance zanen da kansa a tasha, ya miƙa wa Gwaggo Rakiya. Da lokacin girbi ya zo ya koma dambe, ya kayar da mutum, aka yi ta guɗa wai gwarzo ya dawo hayyacinsa.

Yanzu 'ya'yana na kallon irin finafinan nan a waya, suna ƙyalƙyala dariya, ni kuwa raina ɓaci yake yi. Abin da ke ƙona mini rai, a fim ana gama dariyar sai a bar wa ƙaton yaransa, har a tafa masa. Mu dariyar kawai muka iya. Sai da na girma na gane ba mu Kaka ke ba wa labarin ba, roƙo take yi a madadin ɗanta, kuma ba a ji ta ba.

Rakiya takan zo da Sallah. Ta durƙusa ta gaida Baba kamar baƙuwa, shi kuma ya tambaye ta hanya, hira ta ƙare. Bara na kasa haƙuri, na ce mata ai a bayansa ta yi barcinta na ƙuruciya. Ta dube shi, tsoho a kan buzu yana jan carbi, ta tuntsire da dariya.

"Baba? Da goyo? Kai Yaya, ka cika ba'a."