Tutocin da Ban Ɗinka Ba

Shekarar da aka yi zaɓen da ya kai mu ga mulkin kai, ni tela ne a kasuwar Bodinga. Ina da keken ɗinki ɗaya, da mata, da ɗiya mai rarrafe. Ranar kasuwar Shagari nakan kwance kan keken in bi motar 'yan kasuwa, in yini ina facin riguna a gindin wata tsamiya.

Shugaban jam'iyya na yankinmu wani Alhaji ne mai fataucin goro, mutum mai fara'a da son a ce ya yi. Shi ya kira ni ya ba ni aikin tutoci, na kowane ƙauye daga Bodinga har bayan Kajiji. Aka sauke mini yadi bandir-bandir a rumfa. Tun da na fara ɗinki ban taɓa samun aiki kamarsa ba. Kafin in sa almakashi na riga na sayi keke na biyu a zuciyata.

Na gama 'yan kaɗan, sai ya ce in bi shi yawon kamfe in ga yadda za a kafa su. Muka shiga Dandin Mahe da makaɗa da lasifika, aka raba goro, aka yi tafi. Kashegari muka isa Horo Birni, garin mahaifiyata.

A can kawuna yake, wan uwata, mai haƙar rijiya. Gajere ne, faffaɗan ƙirji gare shi, kuma ba ya ɗaga murya, wai ya saba magana a cikin rami. Ina yaro shi yake ɗora ni a wuya ya kai ni kallon shanu. Ranar yana zaune can baya, taɓo ya bushe a ƙafafunsa.

Da aka gama jawabi Alhaji ya tambayi dattawa ko mutane za su fita ran ƙuri'a. Kowa ya ce ƙwansu da kwarkwatarsu. Sai kawu ya yi gyaran murya.

“Ranka shi daɗe, ba su zuwa.”

Alhaji ya ce, “Don mi, malam?”

Kawu ya ce rijiya biyu garin yake da su, ɗaya ta rufta da damina. Wadda ta rage ita mutane ke sha, ita shanun gari da na rugage ke sha. Tun asuba maza ke bin layi, wani ba ya samun jefa wasakinsa, wato gugan fata, sai la'asar. Rumfar zaɓe kuwa tana wani gari, tafiyar hantsi guda.

“Wanda duk ya bar layi, shanunai sun kwan da ƙishirwa. Wa ka yin haka don takarda?”

Alhaji ya tambayi abin da gyaran zai ci. Kawu ya ce siminti, da igiya, da abincin masu jan ƙasa. Nasa aikin bai sa a ciki ba. Alhaji ya buɗe hannuwa ya ce kuɗin da aka aiko an riga an raba, na makaɗa, na goro, na man mota, na tutoci.

Kawu ya ce, “Na tutocin, wa anka ba?”

Alhaji ya yi dariya ya nuna ni. “Ga shi nan, ɗanka na. In ya yafe, ni ma na yafe.”

Duk idanu suka dawo kaina. Na sunkuyar da kai. Ko sallama ban yi wa kawu ba muka shiga mota.

A gida na yi ta faɗa ni kaɗai, ina cewa tsoho ya kunyata ni a gaban jama'a. Matata tana tankaɗe tana ji. Ita ma 'yar ƙauye ce, ta san jan guga tun tana ƙarama. A lokacin mata ba sa jefa ƙuri'a a Arewa. Da na gaji da faɗan sai ta ce, “Mu ba a ba mu takardar ba. Da an ba ni, wanda ya gyara rijiya zan ba.”

Kwana biyu ina jan ƙafa. Ran na uku na naɗe yadin na mayar wa Alhaji. Ba zan ce kirki ne ya sa ni ba. Na dai san ba zan iya sake shiga garin uwata in ɗaga kai ba.

Alhaji ya cika alkawari. Motar da ke yawo da makaɗa ita ta kai siminti Horo Birni. Bayan mako na je duba aiki, ina tsammanin kawu zai yi mini godiya. Muryarsa kawai na ji daga ƙasa: “Tela ya zo? Ku ba shi igiya.” Na yini ina jawo bokitin laka. Tafin hannuna ya saɓule, na kwana biyar ban iya riƙe almakashi ba. Da yamma ya fito ya dubi hannuwan, ya sa aka kawo man shanu, ya shafa mini da kansa. Muka sha fura a ƙwarya ɗaya. Maganar tutoci ba ta ƙara shiga tsakaninmu ba.

Ranar da ruwa ya ɓullo wani ɗan ɗaya jam'iyyar ya tambaya a gaban Alhaji ko su ma za su sha. Kafin Alhaji ya buɗe baki kawu ya ce, “Kawo wasakinka.” Fuskar Alhaji ta ɗan canza, amma ya bar zancen.

Kawu bai tsaya nan ba. Ya tara maza ya raba su biyu: rabi su tafi ƙuri'a da sassafe, sauran su shayar da shanun kowa, in na farko sun dawo su karɓi igiya. Da ya lura wasu tsoron abin suke yi, wai za a gane akwatin da mutum ya jefa, don a lokacin kowace jam'iyya da akwatinta, ko kuma dabarar ƙara haraji ce, sai ya ce in nuna musu. Muka kafa zana, muka sa kwanduna a baya, na yanka guntayen ƙyalle a matsayin takarda. Dattijai masu furfura suna shiga ɗaya bayan ɗaya, suna fitowa suna dariya kamar yara. Wani tsohon Bafulatani ya shiga sau uku.

Ran zaɓe na bi ayarin safe, don a rumfarsu aka rubuta sunana. Ana sanyi, kowa ya lulluɓe da mayafi, sanduna a kafaɗa. Ban taɓa ganin mutanen garin nan sun jeru a hanya haka ba in ba zuwa idi ba. Muka jefa, muka dawo kafin azahar, ayari na biyu ya tashi.

Kawu bai bi su ba. Akwai garken wasu tsofaffi da marasa lafiya da ba a shayar ba, ya ce sai ya ga bayansu. Na same shi bakin sabuwar rijiya yana ja, gumi na zuba. Ya ce, “Ka jefa?” Na ce na jefa. Ya ce, “Madalla.” Daidai nan motar Alhaji ta yi ham, za a Shagari, an yanka raguna, akwai kiɗa. Na dubi igiyar, na dubi hannuna da bai gama warkewa ba, na ce masa sai na dawo.

Sai daga baya na ji. Kawu ya gama da garke na ƙarshe bayan la'asar, ya wanke ƙafa, ya sa rigar Juma'a, ya kama hanya shi kaɗai. Ya isa ana ɗaure akwatuna. Malamin zaɓe ya ce an rufe. Ya zauna ya huta, ya yi magariba a can, ya juyo.

Alhaji ya daɗe yana faɗa a kasuwa cewa duk yankin babu inda aka fita kamar Horo Birni, ko da yake ba duka akwatinsa suka cika ba. Zaɓen da ya biyo baya umarni daga sama ya zo, tutoci da riguna da motoci, kuma ni na ɗinka.

Da na ba kawu haƙuri dariya ya yi, ya ce wani zaɓen na nan tafe. Zazzaɓi ya ɗauke shi da daminar da ta biyo, kafin gero ya yi kai. Na tsufa yanzu, na jefa ƙuri'a ban san iyaka ba, wasu da murna, wasu don kada a ce ban je ba. Shi bai jefa ko ɗaya ba. Da na karɓi igiyar nan na sa'a guda, da ya isa a kan lokaci, kuma har yau ina so in san akwatin da zai zaɓa, don bai taɓa gaya wa kowa ba.