Gwiwar da Habu Ya Sa a Ƙasa

A gidanmu na Tsibiri, in an gama kai gero rumbu sanyi ya fara shigowa, Kaka Delu kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha, ta zuba gyaɗa a toka. Mu jikoki mu kewaye ta. Wurin da ya fi ɗumi, daf da ƙafarta, na ɗan baffana Habu ne. Shi ya ci sunan gwarzon gidan, saboda haka gyaɗar farko tasa ce. Ni kuwa ina can inda hayaƙi ke bugawa, ina harararsa.

Sauran dare gizo da ƙoƙi ne, amma in ta ga dama sai ta ɗauko labarin Habu Mai Fili Biyu. Ta ce da kaka kokawa yake yi, daga Tsibiri har Jiratawa ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. In kokawa ta tashi kuma ya hau keke ya tafi Maraɗi tsaron ragar ƙwallo, wai balo ko da aljani aka bugo ta sai ta kwana a hannunsa. Tana faɗi tana shafa kan ɗan baffana. Wallahi ji nake kamar in watsa masa toka.

Habu Mai Fili Biyu yana da ƙane, wanda duk garin ba mai kiransa da komai sai ƙanen Habu. Abin ya ci shi, ya ci shi, har wata rana a filin Jiratawa ya ɗaura walki ya fito tsakiya ya nuna yayansa. Makaɗa suka tsaya cik, don 'yan ciki ɗaya ba sa kama juna a gaban jama'a. Dattawa suka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Habu ya fito, ya dube shi, ya sa gwiwarsa ƙasa da kansa, wanda a kokawa faɗuwa ke nan. Fili ya ɗauki sowa, amma Habu ake wa. Ƙanen ya koma gida, bai sake ɗaura walki ba har ya mutu.

Wani dare na tambayi Kaka sunan wannan mai baƙin cikin. Ta yi kamar ba ta ji ba. Na matsa, ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

"Kai, tahi can da bakinka. Sunan ya hi ƙarhin bakina."

Gwaggona da ke tankaɗe a gefe ta fashe da dariya, ta ce wace mace ce ke kama sunan mijinta? Nan na gane mutumin kakana ne, kuma sunansa nake ɗauke da shi. Ɗan baffana Habu ya yi ta dariya har da birgima. Ban ci gyaɗa ba a daren. Da zan tashi Kaka ta riƙo hannuna ta ce:

"Ba kaye ya tahi nema ba, ɗan nan. So yake a kama shi kamar kowa."

A lokacin ban fahimta ba, haushi ya rufe min ido.

Yanzu ina da shagon kayan babur a Sabon Gari. Habu ya buga balo har aka san shi, yau shi ke horar da yara, kuma har gobe in na shiga kasuwa ɗan'uwan Habu ake ce min. Ba zan ɓoye ba, yana yi min ciwo.

Kwanan baya ɗana Sani ya nace yana son shiga ƙungiyar Habu. Habu ya zo shago da fara'arsa, ya ce ba sai yaron ya je gwaji ba, ai ɗansa ne, ya riga ya ba shi wuri. Alheri yake nufi, na sani. Amma sai na ga kakana tsaye a filin Jiratawa, an miƙa masa nasarar da ba wanda zai ƙirga, ana tafa wa wanda ya miƙa. Na ce wa Habu ya sa yaron a layi da sauran.

Ya ce, "In ya faɗi fa?"

Na ce, "To a kayar da shi da gaske. Ko kuka zai yi, sunansa za a kira."