Ranar da na hana Baffa ciniki

Ko da zan manta komai na zamana a kantin mahaifina a Agiye, ranar da wani dattijon Bafulatani ya yi fushi saboda na yi masa sauƙin farashi tana nan daram a raina.

Shekarar da na gama lakol, wato makarantar boko, na koyo aikin ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, na dawo ina ji da kaina. Na matsa wa Baba sai mun sa na'ura a kanti. Da ƙyar ya yarda, amma da sharaɗi: in ta kore masa mai saye ko ɗaya, ni da ita duk mu koma gida. Ni kuwa ban ƙi jinin komai kamar zaman gida ba.

Na zauna na shigar da kowane kaya: kuɗin da muka saro shi, ladan mota, sai kuɗin sayarwa. Akwai gurbin da ake ba da damar ragi, na kulle shi. A ganina ja-in-ja ɓata lokaci ne. Da na zo kan manda, gishirin da ake ba dabbobi, sai na tambayi Baba nawa yake sayar wa wannan dattijo, wanda muke kira Baffa, tunda shi ne babban mai sayenta tun kafin a haife ni. Ya faɗa mini inda suke daidaitawa kullum, na sa shi a matsayin farashi.

Ranar kasuwa Baffa ya iso daga wajen Gangara, ya jingine sandarsa, ya tambayi kuɗin manda. Da fara'ata na duba na'ura na faɗa masa. Ya yi tayi ƙasa. Na ce, "Baffa, ai kuɗin da kake saye ke nan, ba a ragewa."

Ya kalle ni, ya kalli Baba. "Alhaji, mi na yi maka? Ko zama ban yi ba an yanke mani magana. Korata aka yi?" Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Nan take na tuna sharaɗin da aka kafa mini. Baba ya ce, "Ɗiyata, mutumin ga tun asuba yake tafe don mu yi gardama mu sha shayi. Kin ba shi manda, kin hana mashi hira."

Kafin ya rufe baki na buɗe saitin. Na ɗaga farashin sama, na buɗe gurbin ragi, na sa iyakarsa daidai inda suka saba tsayawa. Baba ya bi shi har bakin tasha ya lallaso shi, ya ce yarinya ce ta yi kuskure, mandar ma ta yi tsada.

Jin tsada sai fuskar Baffa ta washe. Ya zauna, aka ɗora shayi. Ya taya, Baba ya ce albarka, ni kuma ina rage lamba kaɗan-kaɗan ina ɓata fuska. Da muka kai iyaka na'ura ta ƙi, sai ya buga cinya yana dariya: "Na kai ta bango! Ke, gaya mata ta san da wa take yi!"

Ya biya abin da na faɗa masa tun farko, ko dala bai ragu ba, ya tafi yana ba mutane labarin yadda ya kayar da na'urar Alhaji. Da yamma Baba ya ce in riƙe makullin kanti. Daɗi kamar ya kashe ni.

Tun ranar na gane cewa wani mai sayen ba sauƙi ya zo nema ba, so yake a zauna da shi. Har yau in ina saita farashi, sai na bar wa mutum wurin da zai yi magana.