Malam Yahuza Mai Rediyo da Ɗiyarsa Hussaina

A kasuwar Sabuwa, duk wanda rediyonsa ya yi shiru ya san rumfar Malam Yahuza. A da, ranar kasuwa, manoma kan zo da akwatunan rediyonsu ɗaure a bayan keke, su cika benci ana ta hirar damina, ƙaurin dalma na tashi. Shi kuwa yana sunkuye da tabaransa mai ɗaurin zare, ba ya ɗagowa sai murya ta fito.

Wayar hannu ta zo ta kwashe matasa. Rashin tsaro kuma ya hana mutanen ƙauye shigowa. Bai rufe rumfar ba, ya dai koma gyaran tocila da caja.

Cikin 'ya'yansa Hussaina ce ta yi nisa a boko. Daga Zariya ta samu gurbin ƙaro karatu a Afirka ta Kudu. In an tambaye shi me take karantawa, sai ya ce, "Sama, wai."

Bara ta zo hutu, ta iske shi a rumfa da hantsi. Bayan sun gaisa ya ce, "Yau dai ki faɗa mani aikin nan naki."

Ta buɗe kwamfutarta, ta nuna mashi wasu manyan farantai jere a fili, duk sun fuskanci sama.

"Baba, eriya ce. Can nesa akwai garke-garken taurari masu yawan gaske, inda sababbi ke ta haihuwa. A tsakiyar wasu akwai baƙin rami mai haɗiye iskar gas. Kafin iskar ta faɗa sai ta yi zafi, ta yi hasken da kan fi na taurarin duka. Wasunsu har sigina suke fitarwa, irin ta rediyo. Aikina in rarrabe wacce ta ramin ce, wacce ta sababbin taurari."

"Yaushe ta taso, siginar?"

"Shekaru biliyoyi tana tafe."

"Ikon Allah." Ya gyara tabarau. "To, a wace mita kuke kamawa?"

"Ba ta kai mita ba, Baba. Tsawon tafin hannunka."

Ya duba tafinsa, ya yi ta dariya har da hawaye. Daga nan ya shiga ba ta labarin yadda yake hawa tsani ya ɗaure wayar eriya a gora, mutane a ƙasa suna ihu, "Ya kama! Tsaya nan!" Ya ambaci sunayensu, yawanci sun rasu ko sun yi ƙaura Funtuwa. Sai da aka kira azahar suka tashi.

Ranar komawarta direba ya yi ta azalzala, don hanyar ba ta biyuwa bayan la'asar. Malam Yahuza ya raka ta tasha, ya tsaya har motar ta ɓace. Mani mai shayi ya ce, "Malam, wai me ɗiyar taka ke yi a can?"

"Sana'ata take," in ji shi. "Kayan aikinta ne suka fi nawa."